Hoton Yaya a Ƙasan Shafi

Gidanmu gidan pawa ne. Mahaifinmu mahauci ne, kakanmu ma haka, kuma wanda ya saba cin kasuwar Talata Mafara ya san rumfarmu ko bai san sunanmu ba. Mu huɗu ne maza. Yaya Babba yana zaune a Bakura, shi ke shiga kara ya sayo shanu da raguna, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uban gida. Yaya Ƙarami yana Maradun, kilishi yake yi. Auta yana da tukubar tsire da balangu a bakin tasha, nan cikin Mafara. Ni ne na uku, kuma ni kaɗai ne ban riƙe wuƙa ba.

Ba ƙyama ce ta hana ni ba, hannuna ne bai karɓi sana'ar ba. Da na gama sakandare na yi ɗan kwas na kwamfuta, na samu zama a wani shagon buga takardu. Ina buga wa mutane takardar neman aiki da katin ɗaurin aure da tambayoyin jarabawa. Babu wanda ya taɓa yi mini gori a gida. Amma idan an haɗu a zaure ranar suna ko sallah, aka shiga maganar wane sa ya fi nama, wace kara ta yi tsada, sai zancen ya bi ta kan kowa ya tsallake ni, kamar yadda ake tsallake baƙo. Ana ba ni kasona na nama cikakke. Ra'ayina ne ba a nema, kuma ban ga laifinsu ba, don ba ni da shi.

A shekarar da nake magana hanyoyinmu sun riga sun lalace saboda ɓarayin daji. Masu zuwa daga nesa su zaɓi ragon layya da idonsu, ko su ɗauki kilishi kwali-kwali, sun rage tafiya. Ni kuwa na daɗe ina koyon gina shafin yanar gizo ni kaɗai, a lokacin da shago ke yin shiru tsakanin azahar da la'asar. Da muka haɗu a Maradun wajen wani suna, na jira aka gama cin abinci, aka wanke hannu, sannan na nemi izinin magana. Na ce zan iya yi wa gidan shafi, wanda mutum zai buɗe daga duk inda yake ya ga dabbobi da kilishi da lambar da zai kira.

Yaya Babba ya dube ni ya ce, "Shi wanga shafi, mi shika ci?"

Na ce, "Data kawai, Yaya."

Auta ya ce, "Ashe ya fi tunkiya sauƙin kiwo."

Aka yi dariya. Yaya Babba bai yi ba. Ya ce, "To, yi mu gani. In ya yi kyau a bar shi. In ya jawo muna magana a sauke shi, kuma kada in sake jin zancenai."

Wannan shi ne karo na farko da aka ɗora mini wani aiki na sana'ar gidan, kuma na san idan ya faɗi ba za a sake ɗora mini wani ba.

Ga wanda bai sani ba, shafi da rubutu iri biyu ake gina shi. Akwai wanda ake kira HTML, shi ne jerin kayan da ke cikin shafin: wannan take ne, wannan hoto ne, wannan bayani ne, ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma CSS, shi ke faɗa wa kowane kaya inda zai zauna da girman da zai yi da launin da zai ɗauka. Na farkon bai ba ni wahala ba, don ni mutum ne mai son jeri. Na biyun ne ya nuna mini iyakata.

Hoton farko da na sa na wani farin bajimi ne. Ya cika fuskar kwamfuta ya tsallake gefe, ba a ganin komai sai tozo. Na rage masa faɗi da tsawo yadda na ga dama, sai ya matse ya koma kamar jaki. Daga baya na gane faɗi kaɗai ake faɗa masa, a bar tsawo ya biyo baya da kansa. Rubutu kuma ya manne da bangon akwatinsa. Na ba akwatin fili ta waje, rubutun bai motsa ba, ashe filin ciki yake so. Wata rana rabin adon shafin ya ɓace, ya koma baƙi da fari kamar takardar kotu. Na bi layi-layi da yatsa a kan gilashi har na iske wata alamar baka guda da na buɗe ban rufe ba.

Daga nan na kafa wa kaina doka. In canza abu ɗaya, in ajiye, in duba, sannan in taɓa na gaba. Ba na taɓa abu biyu a lokaci guda, don idan ya lalace ba zan san wanne ya lalata shi ba.

Wanda zan tambaya ne babu. Mai shagon mutumin kirki ne, amma a wurinsa duk abin da ba a fitar da shi a takarda ba wasa ne. Darussan da nake bi da Turanci suke, masu koyarwar kuma suna sauri, sai in tsayar in koma baya in sake saurara. A duk Mafara ban san mutum ɗaya da zan ce wa zo ka duba mini ba. Wataƙila akwai, ni dai ban san shi ba. Idan abu ya gyaru bayan na sha wuya nakan waiga ba da niyya ba, sai in ga babu kowa a bayana sai injin fotokwafi da fanka.

A tsakiyar shafin na shirya akwati uku a jere, kowane da hoton mutum ɗaya da garinsa da abin da yake sayarwa da lambarsa. Salon jerin daga wani darasi na kwafo shi. Na rubuta Yaya Babba da farko, sai Yaya Ƙarami, sai Auta, yadda kowa zai rubuta. Da na duba sai ga Yaya Babba a hagu, Auta a dama.

Wannan bai zauna mini ba. A gidanmu daga dama ake fara komai. Idan mahaifinmu ya kasa nama a kan tabarma, kason babba shi ne na dama. Idan aka kawo ruwa zaure, na dama ake fara miƙa wa. Dukanmu da allo muka fara karatu, kuma idon da ya fara da allo daga dama yake fara kallon mutane idan sun jeru. Na san idan Yaya ya buɗe ya ga kansa a hagu ba zai ce komai ba, amma zai gani.

Ban san umarnin da ke juya jeri ba. Sai na yi abin da ya zo mini da sauƙi, na sauya tsarin rubutun. Na rubuta Auta da farko, Yaya Babba a ƙarshe. Tunda kwamfuta daga hagu take fara ajiye kaya, na ƙarshe shi ya faɗa dama. Na duba, kowa ya zauna inda ya dace. Na rufe na buɗe, na sake rufewa na buɗe, bai canza ba. Na ɗora shafin a yanar gizo ranar Litinin don ya riski kasuwar Talata. Wayata ƙarama ce mai madannai, ba ta buɗe irin waɗannan abubuwa, don haka na kai wa Auta adireshin na ce ya tura wa 'yan'uwa da abokan ciniki.

Ranar Laraba da hantsi ina buga wa wani malamin makaranta jarabawa sai ga Auta a ƙofar shago, rigarsa tana warin hayaƙi, ya dunƙule hannu yana yi mini jinjina.

"Ranka shi daɗe, mai naɗin sarauta!"

Na ce, "Ana sallama kafin a shigo wurin aikin mutane."

"Salamu alaikum. Yaya Malam, ka naɗa ni Sarkin Pawa ba ka ce in sawo rawani ba? Tun jiya 'yan tasha ke faɗuwa suna gaishe ni. Wani direba har ya ce in yanka mishi fili a bayan gari."

"Mi kake faɗi?"

Ya miƙo mini wayarsa. A fuskar wayar babu jeri daga gefe zuwa gefe. Akwatunan sun hau kan juna kamar kwanukan abinci. A sama Auta ne, yana murmushi da wuƙar tsire a hannu. Ƙarƙashinsa Yaya Ƙarami. Sai ka ja da yatsa, ka ƙara ja, sannan ka iske Yaya Babba can ƙasa, dab da inda na rubuta ranakun kasuwa.

Na ce, "Wayarka ta lalace."

Ya ce, "To duk wayoyin tasha sun lalace, da ta Yaya Ƙarami, da ta uwargidan Yaya Babba. Ita ma ta gani, har ta kira ni ta yi min barka."

Na juya kwamfutar na nuna masa. Ya leƙa ya ce, "Nan kam ya yi kyau. Sai ka ɗauki kwamfutar bisa kai ka bi mutane gida-gida kana nuna musu."

Na ce masa wannan ba abin dariya ba ne, ya koma bakin tukubarsa kafin nama ya ƙone. Ya fita yana dariyar. Malamin makarantar ya yi kamar yana karanta takardunsa.

Bayan azahar Yaya Babba ya kira. Muka gaisa gaisuwa cikakka. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, don damina ta riga ta zauna, ni ma na tambayi nasa. Bai rage komai daga gaisuwar ba, wannan ya ƙara tayar mini da hankali. Sannan ya ce, "An nuna min abin da ka yi."

Na ce, "Yaya, ba haka na shirya shi ba."

"Ni ban san yadda ka shirya ba, na san abin da mutane sunka gani. Jiya a kara wani dillali ya ce min, Alhaji, ashe ka yi murabus. Yaron da na ɗauka a kafaɗa na kai makarantar allo, shi ka aza bisa kaina."

"Zan gyara, Yaya."

"Juma'a ta sama ka zo Bakura mu yi sallah tare. In gani da idona ya gyaru, ko ka sauke shi."

Da farko sai da na nemi gane abin da ya faru, don ba na gyara abin da ban gane ba. Ba ni da wayar da zan gwada a kai, kuma ba zan je in roƙi ta Auta ba. Na zauna ina karanta CSS ɗin daga sama, na kama gefen tagar da shafin ke ciki na matse ta don in buɗe darasi a kusa da ita. Tana yin siriri sai akwatunan suka yi tsalle suka hau kan juna, Auta a sama. Na buɗe tagar, suka koma jere. Na matse, suka hau. Na yi ta yi kamar mai zuga zugazugi. A ƙasan abin da na kwafo daga darasin akwai wata doka da ban karanta ba, mai cewa idan wuri ya yi ƙunci a ɗora akwatunan ɗaya kan ɗaya, bisa jerin da aka rubuta su. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Jerin da na ba ta shi ta bi.

Abu na farko da na yi shi ne na maido da rubutun yadda yake tun asali, Yaya Babba a farko, na ɗora shi nan take don a daina ganin wancan. Waya ta gyaru. Amma a kwamfuta Yaya ya koma hagu. Wani zai ce a bar shi haka, tunda kusan kowa da waya yake kallo. Ni ban yarda ba. Cikin masu sayen ragunanmu akwai ma'aikatan ofis a birni da ke zaune gaban kwamfuta. Ban da haka, aikin da ya gyaru ta fuska ɗaya bai gyaru ba.

Sai na koma gwaji a kan kwafin da ke cikin kwamfutata, wanda babu mai gani sai ni. Na sake juya jerin, na goge dokar hawa kan juna, na ba layin faɗi tsayayye, don ko a waya su zauna a jere. Da na matse tagar sai ga Auta shi kaɗai da rabin fuskar Yaya Ƙarami. Yaya Babba ya fita daga shafin gaba ɗaya, sai an ja gefe kafin a gan shi. Na yi hamdala da ban ɗora wannan ba.

Daga nan na maido da jerin daidai, na umarci kowane akwati ya matsa dama. Yaya ya zauna a dama, na fara murna. Amma koren launin da na shimfiɗa a bayansu ya tsuke ya koma kamar zare, rubutun ranakun kasuwa kuma ya hauro daga ƙasa ya cusa kansa a ɗan filin da ya rage kusa da Auta, kalma ɗaya-ɗaya a tsaye. Na ƙara wannan, na rage wancan, har na karya dokata ta taɓa abu ɗaya. Da na ga na daina sanin abin da nake yi sai na goge duka na koma inda na faro.

Akwai wani zauren masu koyo a yanar gizo da nake leƙawa ban taɓa magana ba. Na rubuta tambayata da ɗan Turancina. Na ce ina son na farko ya zauna a dama idan fuska babba ce, ya zauna a sama idan ƙarama ce. Wani ya amsa cewa don me, ai na farko a hagu yake zama, kowa ya san haka. Wani ya turo mini dogon rubutu babu bayani ko kalma ɗaya, ni kuwa na riga na ga abin da kwafo ba karatu ya jawo mini. Na fara rubuta musu labarin zaure da kason nama, na ga Turancin ba zai ɗauka ba. Na goge na rufe.

Kwanakin nan ruwa ya yi ta sauka. Masu kawo aiki sun ragu, mai shago ya tafi gonarsa ta shinkafa, ni kaɗai nake wuni. Idan aka ɗauke wuta sai in zauna in ji ruwa a kan kwano, ina zana akwati uku a bayan takardar da ta lalace, ina ja musu kibiya. A gida na ce wa matata aiki ne ya ɗan cije. Ta ce Allah ya warware, na ce amin. Ban san ta inda zan fara yi mata bayani ba. Yaya Ƙarami ya kira sau ɗaya, ya ce an fara kiransa daga nesa ana tambayar kilishi, kada in bari a sauke abin. Na ce to. Bai tambayi abin da ya tsaya mini ba, kuma ko ya tambaya babu abin da zai iya yi.

Ranar Talata na je la'asar da wuri don ruwa ya ɗan tsagaita. Kafin a tada sallah na ɗauki Alƙur'ani daga kan kanta na buɗe, hannuna ya juya shafi daga inda ya saba. A nan tunanin ya zo mini. Larabawa ma suna da shafukan yanar gizo, kuma komai nasu daga dama yake farawa. Ba zai yiwu a ce dukansu suna zaune suna juya jerin rubutu da hannu kamar yadda na yi ba. Lalle akwai hanyar da aka tanada.

Da na koma shago ban sake neman yadda ake juya akwati ba, na nemi yadda ake gina shafin Larabci. Amsar tana nan a darasin farko da ya fito. Ɗan umarni ne mai harafi uku da ake maƙala wa babban akwatin da ya ɗauki ƙananan, ma'anarsa wannan layi daga dama yake farawa. Na maƙala, na ajiye, na duba. Yaya Babba a farkon rubutu, Yaya Babba a dama. Na matse taga, ga shi a sama.

Ban tashi ba, don na ga wani abu. Rubutun cikin akwatunan shi ma ya karkata dama, aya ta bar ƙarshen jimla ta koma farkonta. Lambobin waya kuwa, da na rarraba su gida-gida don sauƙin karantawa, gidajen sun juya, na ƙarshe ya koma farko. Da na ɗora shi haka, mai neman rago zai kira wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na shiga kowane ƙaramin akwati na faɗa masa cewa abin da ke cikinsa daga hagu yake tafiya. Aya ta koma wurinta. Na karanta lambobin ɗaya-ɗaya ina gwada su da na cikin wayata. Na buɗe taga, na matse, na buɗe, na matse. Sannan na ɗora. Washegari da malamin makarantar nan ya zo karɓar sauran takardunsa na roƙe shi ya buɗe a wayarsa. Ya buɗe, ya ce ai lafiya lau yake, ya tambaye ni ko ana ba da kilishin ɗanɗano.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Bakura. Shinkafa ta yi kore shar a gefen hanya, ruwa ya cika kwalbatoci. Muka yi sallah, muka dawo zauren Yaya, aka kawo tuwo muka ci da wasu abokan cinikinsa biyu. Bai tada zancen ba sai da aka kwashe kwanuka. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihu, ya latsa, ya juyo mini da fuskarta.

"Kullum sai na duba. Ba ka taɓa komi ba."

Auta ne a sama, da wuƙarsa da murmushinsa. Baƙin nan biyu suka sunkuyar da kai. Na matsa kusa na duba da kyau, sai na ga agogon da ke saman abin yana nuna safiya, alhali mun riga mun sauko daga Juma'a. Ba shafin ba ne. Hotonsa ne da wani ya ɗauka tun ranar farko ya turo masa. Shi yake buɗewa kullum yana jiran ya ga ya canza.

Na ce, "Yaya, a ba ni wayar in nuna wani abu."

Ya miƙo. Na rubuta adireshin da kaina. Sabis ɗin Bakura ya yi ta jan ƙafa. Taken shafin ya fito, farin bajimin ya fito, daga nan sai hular Yaya ta fara saukowa daga sama, sai goshinsa, sai fuskarsa. Na mayar masa da hannu biyu. Ya ja da babban yatsa ya ga Yaya Ƙarami, ya ƙara ja ya ga Auta, ya koma sama.

Na ce, "A kwantar da wayar ta gefe."

Ya kwantar. Akwatunan suka sauko suka jeru.

Ya ce, "Nan kuma ga ni a dama."

"E, Yaya."

"Kai ka sa shi haka, ko shi ya ga dama?"

"Ni na sa shi."

Ya gyaɗa kai. Ya tada wayar, ya kwantar, ya sake tadawa. Ɗaya daga cikin baƙin ya leƙo ya ce, "Alhaji, ashe an maido ka bisa mulki." Yaya ya koma kan tsohon hoton ya daɗe yana kallo.

"Wanga fa? Goge shi."

Na ce, "Na cikin wayarka zan iya gogewa. Na cikin wayoyin mutane ba ni da iko da shi."

"Har abada?"

"Sai wanda ya ga dama ya goge nashi."

Ya ajiye wayar a kan tabarma. Ya ce, "Ke nan duk abin da anka aza can, wani na iya ɗauka ya aje, ya tura ma wanda ban sani ba. Ga fuskata, ga garina, ga shanu. A wanga zamani da muke ciki." Kowa a zauren ya san abin da yake nufi. Sannan ya ce, "Shafin ya zauna, ka yi aiki. Amma ka cire fuskokinmu duka, da sunan garuruwa. Ka bar dabbobi da kilishi da lambobi. Ranar Talata ka same ni a kara ka ɗauki hoton ragunan da munka sawo, wancan farin sa an daɗe da cinye shi."

Na ce, "To, Yaya."

Na so in faɗa masa abin da jerin nan ya ci mini, da yadda aka yi na samo hanyarsa. Kafin in haɗa maganar ya riga ya juya ga baƙinsa, sun shiga zancen wata saniya mai ciwon kofato. Na zauna har la'asar ina saurare, sannan na yi sallama na nemi motar Mafara.

Ranar Asabar da safe na buɗe shago, na share, na kunna kwamfuta. Cire akwatunan ba aiki ba ne, da shafa ɗaya za a iya kwashe su duka. Ban yi haka ba. Na cire na Auta, na ajiye, na duba. Na cire na Yaya Ƙarami, na ajiye, na duba. Yaya Babba ya rage shi kaɗai a kan koren shimfiɗar, can gefen dama. Na bar shi haka na ɗan lokaci, har wata mata ta shigo da takardar haihuwa tana son fotokwafi. Na sallame ta, na dawo na cire nasa, na jera lambobin uku ɗaya ƙarƙashin ɗaya, tasa a sama, na ɗora.